Wanzamin da Bai San Laraba Ba

Wani malamin lissafi ya duba alƙaluman da wani ma'aikaci ya kawo masa, ya ga duk awon a rana iri ɗaya ta mako aka ɗauke shi. Sai ya yi murmushi, ya ba shi wannan misali.

An yi wani wanzami mai son iyaye, duk Talata sai ya hau kekensa ya je gaida mahaifiyarsa a ƙauye. A hanya akwai wani ɗan gari da yake ratsawa, kullum ya iske shi cike maƙil, ba masaka tsinke. Shi kuwa wanzami ba fuska yake kallo ba, kai yake kallo: ga suma ta yi buya-buya, ga gemu ya wuce wuri, kuma ko wanzami ɗaya babu. Mutumin ba ya garaje, don haka ya ce sai ya tabbatar. Ya ƙirga kawuna Talata goma sha biyu a jere, lissafi bai taɓa saɓawa ba. Ai sai murna ta kama shi. Ya bar wa wani rumfarsa ta gado, ya kwaso mata da yara da zabira, ya tare a garin ran wata Talata. Ran nan aska ba ta huta ba har hannunsa ya yi tsami. Kashegari ya wasa asake tun da sassafe, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna jira. Rumfuna wayam, sai awaki suna kalen ɓawon rogo. Har hantsi ya dubi ludayi mutum ɗaya tak ya gifta, wani tsoho, shi ma da ya cire hula don ya sha iska sai ga sanƙo tal. Wanzami ya tare shi, ya faɗa masa abin da ya kawo shi garin. Tsoho ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Ɗana, ai gidajenmu ba su kai ashirin ba. Kasuwarmu ce take ci ran Talata.”

Allah ya taimake shi tsohon mai kirki ne, ya lissafa masa kasuwannin kewaye da ranar da kowace take ci. Wanzami ya koma bin su a keke, yau nan, gobe can, tukunyar gidansa ba ta kwana a kife ba. Sai dai matarsa ta samu abin tsiya, duk Laraba sai ta tambaye shi ko a kamo masa akuya ya yi mata aski. To ka ga, abin da yake hawa yana sauka, in a gaɓa ɗaya kake leƙa shi kullum, ko sau dubu ka auna zai rantse maka cewa a tsaye yake. Wanzamin nan da rana tsaka ya yi ƙirgarsa, ido biyu, bai kuskure kai ko ɗaya ba, amma kwana shida na mako bai taɓa ganinsu ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.