Muryar Malam Sidi

Tun da jami'a ta daina horar da sababbin malamai, wata 'yar na'ura ake saka maka a kunne, tana raɗa darasi kana maimaitawa. Tawa muryar Malam Sidi ce, malamin wucin gadi da aka naɗi darussansa kaf, sannan aka sallame shi. Ni ɗalibarsa, mai digiri na biyu, aka ba ajinsa.

Yau na koyar da zaizayar ƙasa. Muryar ta kawo labarin akuyar da ta faɗa kwazazzabo, na maimaita, aji ya kwashe da dariya. Har tafi aka yi mini, na karɓa ba kunya.

Da na fito, sai ga shi a bakin ƙofa yana jiran mota. Na rusuna na gaishe shi, ina jan mayafi in rufe kunnena.

"Rumasa'u, an kai wajen akuya?"

"An kai, Malam."

"Madalla. Amma ki riƙa ɗan dakatawa bayanta. Kullum akwai mai tambaya a can baya, kunya ce ke hana shi."

Na buɗe baki in ba shi haƙuri. A kunnena kuwa, muryarsa ta riga ta fara darasin gobe.