Sunan Ɗan Fari

Saura minti goma motar rajista ta tashi, Haladu na ta share gumi a gaban na'urar ba da lambar shaida.

A tsibiri aka haife shi, tsibirin da ruwa ya cinye, wanda babu ƙasar da ta ce nata ne. Shekara arba'in ba shi da lamba. Famfo ba ya zubo masa ruwa, ƙofar asibiti ba ta buɗe masa. Gobe za a kwashe marasa lamba zuwa sansani.

Hanya ɗaya ta rage: uwa ta ɗora hannu a kan na'urar, ta faɗi sunan ɗanta da bakinta.

"Jini ya dace," in ji na'urar. "Faɗi sunansa."

Inna Delu ta ja mayafi. "Ai ga shi nan tsaye. Wannan ɗin."

"Inna, don Allah!"

"Kai, rufe mini baki! Ɗan fari ne fa. In kama sunansa a gaban jama'a kamar marar kunya?"

Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗa ba, ko a ɗaki.

Direba ya ta da mota.

Haladu ya ɗauki ƙullin kayansa. "Bar shi, Inna. Sansanin ma mutane ne a ciki."

Ta damƙe rigarsa. Ta kau da kai, ta kai baki jikin ƙarfen.

"Haladu," ta ce ƙasa-ƙasa.

Kati ya faɗo. Ko kallonsa bai yi ba.

"Malam," ya ce wa ma'aikacin rajista, "na'urar nan tana maimaita abin da ta ji?"