Fom Ɗin Mista Thewlis

Glenda Hepworth ta ajiye wa mutumin kofin shayi ta gefen hagu, ɓarin jikinsa da ya shanye. Ya cije leɓe ya ɗaga shi da wannan hannun, ya kurɓa, ya yi godiya. Ta tsaya tana kallo har ya mayar da kofin.

Shekara shida ke nan tana cike wa naƙasassu fom ɗin neman tallafi a wani ɗan ofishi da ke bayan shagon gwanjo a garin Barnsley. Tun da aka fara maganar sauya doka ba ta ƙara cin abincin rana a zaune ba. Ana ta cewa nan gaba ƙananan matsaloli ba za su wadatar ba ko sun kai goma, sai mutum ya nuna abu guda da ya gagare shi ƙwarai. Kowa na rige-rigen shigar da takardarsa, don wanda aka ƙi yanzu, da wuya ya samu daga baya.

Mutanen garin kuwa akwai taurin kai. Ko ƙafa aka yanke wa mutum, ka tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Shi ya sa Glenda take fara wa kowa da gargaɗi: a ba ta labarin ranar da ta fi muni, kada a kuskura a ce ana lallaɓawa, don da wannan kaɗai mai tantance masu neman tallafi zai soke mutum.

Clive Thewlis, mutumin da ta ba shayin, bai buƙaci gargaɗin ba. Kafin ta gama rubuta sunansa, wanda ba ta ma tambayi yadda ake rubuta shi ba, ya fara zuba. Ba ya iya shiga wanka shi kaɗai. Sau biyu tukunya tana ƙone shi. Daga gado zuwa bayi sai ya huta a hanya. Ya jero su tsaf, kowanne a gurbinsa, har ya san shafin da ya fi muhimmanci.

Idan bai samu tallafin ba, in ji shi, matar da ke zuwa yi masa wanka za ta daina zuwa, ɗansa kuma ya riga ya nema masa gado a gidan tsofaffi. Ya ce ya gwammace ya mutu a kujerarsa.

Glenda tana gyaɗa kai tana rubutu. Ya yi magana mai tsawo, ita kuwa alƙalaminta bai daɗe a kowane gurbi ba. Ba ta ji tausayinsa ko kaɗan ba, kuma hakan ya yi mata daɗi.

"Karanta ka gani kafin ka sa hannu," ta ce.

"Ina fa, baiwar Allah. Tun da ciwon nan ya same ni, rubutu tururuwa ne a idona. Na yarda da ke."

Ta ɗora yatsa a wurin, ya sa hannu. Ta ce ya huta, ita za ta jefa a akwatin wasiƙu da kanta. A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ta, ya ce kamar ya taɓa ganinta. Ta ce garin ƙarami ne.

Da ya fita ta buɗe aljihun teburinta, ta ciro wata takarda da ta sha ninki, don ta tabbatar ba ta canza ko harafi ba wajen kwafa. Ba ta canza ba. A duk gurbin fom ɗin jimla ɗaya ta rubuta: "Ya ɗaga kofin shayi da kansa, yana lallaɓawa." Jimlar ce Clive Thewlis, lokacin yana mai tantancewa, ya rubuta a takardar nan shekara bakwai da suka wuce ya soke tallafin mijinta, wata uku kafin ta binne shi.