Wanda Ya Kwance Kan Batir

Baba na da wata jar motar tsere mai ƙofa biyu, gajera har kaza na iya leƙa rufinta. Wata la'asar a Yendi zai tafi Bawku, ta ƙi tashi, sai ƙat-ƙat. Gumin da ya yi ya isa dafa doya.

Ni ɗan shekara tara na leƙa injin. "Baba, kan batir ne ya kwance!"

Ya ɗaure, mota ta yi ruri. "Kai, sarkin kanikawa!"

Tafiyar ke nan, bai dawo ba.

Mma na tsaye bakin madafi, baƙin mai a yatsunta. Ashe ita ta kwance kan batir ɗin don kada Baba ya tafi.

"Sannu da aiki, ɗana," ta ce a hankali.

Ba abin da ban mai da shi raha ba, amma wannan sannun ta gagare ni.