Motar da Ba Ta Taɓa Faɗuwa Gwaji Ba

Hayaƙi na tashi daga gaban motar, Mas'udu na tsaye a bakin titin garin Xintang, can a ƙasar waje, yana tsine wa injin har kakanninsa. Kwana biyu kacal da sayenta, ga shi har ya kama mata wuri a jirgin ruwa, 'yan'uwa a Maradi na jiran ta fara jigilar fasinja.

Kuma ba a makance ya saya ba. Shi ne mai yi wa 'yan kasuwar Tianxiu dariya in kyan fenti ya ruɗe su. Sai da ya sa Nusrat, 'yar Kumasi mai yi masa tafinta, ta bi takardun gwajin motar layi-layi. Shekara takwas, birki lafiya, fitilu lafiya, ko sau ɗaya ba ta faɗi ba.

Ya miƙa wa Nusrat waya. "Hajiya, kira min tsohon da ya sayar min. Ki fassara masa komai, kar ki rage zagi ko ɗaya."

Ta kira. Tsohon ya yi bayaninsa a natse, Nusrat kuwa dariya ta ci ƙarfinta har ta dafa motar.

"Me ya ce?"

"Wai takardun na gaske ne, babu jabu ko ɗaya."

"To ta yaya wannan akwalar ta ci gwaji shekara takwas?"

Nusrat ta share hawaye. "Matarsa ce ke sa hannu a wurin gwajin. Ran Litinin ta yi ritaya, Talata ya kai motar kasuwa."