Telan da Ya Ɗinka wa Littafin Mahaifinsa Sabuwar Riga

Ajiye kwalbar gam ɗin nan tukuna, Uwani. Tun da kika ɗauko littafin kakarki daga adaka na ga hannunki yana ƙaiƙayi. Shekara arba'in ina sayar da tsofaffin littattafai a rumfar nan, kuma ina gaya miki, abin da masu gyara suka ɓata ya fi abin da gara ta ci. Zauna ki ji.

An yi wani tela, gwani na gaske, irin wanda in ya hango zare yana reto a rigar baƙo sai gaisuwar ma ta shige shi bai ji ba. Mahaifinsa ya yi aiki a wata maɗaba'a tun zamanin da ake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar gona ba, sai littafin labari guda ɗaya, bugun farko, cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka fara fitowa daga inji. Bangonsa takarda ce marar kauri, ya koɗe, kusurwa ɗaya ta gutsure, shafukan sun yi ja kamar an tsoma su a shayi. A cikin bangon kuwa marubucin labarin ya rubuta sunan mahaifin telan da alƙalaminsa, ya ce wannan ne ya jera kowane harafi da ke ciki. Ban da wurin nan, babu inda aka taɓa rubuta sunan bawan Allahn nan a duniya.

Ana nan sai wata malama da ke tattara tsofaffin littattafai don ɗakin adana tarihi ta ji labarinsa. Ta aiko cewa za ta zo ranar Asabar ta duba. In har bugun farko ne, za a sa shi a akwatin gilashi, a rubuta sunan mahaifin tela a ƙasa, kowa ya zo ya karanta. Tela ya yi murna har da hawaye. Da ya ɗauko littafin ya dube shi da idon sana'arsa, sai kunya ta kama shi. Shi da ke ɗinka wa gari kayan Sallah, yaya baƙuwa za ta taso daga nesa ya miƙa mata tsumma? Ya saɓa littafin sai bakin jami'a, wurin masu yi wa ɗalibai bangon kundin gama karatu, ya miƙa wa ɗayansu ya ce, “Mayar min da shi sabo.”

Mai bango bai cuce shi ba, aikinsa ya yi tsakani da Allah. Ya yaye tsohon bangon. Ya cire shafin farko saboda tabon ruwa, shafin da ke ɗauke da shekarar bugu da sunan maɗaba'a. Ya sa littafin a injin yanka ya datse gefe uku har suka yi fari tas, ya ɗora masa baƙin bango mai kauri, ya buga suna da ruwan zinare. Ya ce kada a buɗe sai gam ya bushe, a danne shi da abu mai nauyi. Tela ya kai shi shago ya ɗora masa kan keken ɗinki, kwana biyu yana leƙawa yana jin daɗi.

Ranar Asabar ya yi shimfiɗa, ya kawo lemo, ya miƙa littafin da hannu biyu. Malamar ta juya shi gaba da baya, ta buɗe, ta duba shafukan farko. Sannan ta yi masa bayani a hankali. Da bangon asali da shafin shekara da faɗin gefen takarda ake gane bugun farko, kuma ga shi duk ukun babu. Yanzu ba abin da ya raba shi da waɗanda aka sake bugawa ake zubawa a kasuwa. Tela ya fizgi littafin ya duba cikin bangon, ya ga farar takarda wayam. Malamar ta tausaya masa, ta ce ko tsohon bangon kaɗai ya samo, a yage a koɗe, za ta karɓa ta sa a gilashin.

Da gudu ya isa bakin jami'a, babban mutum da furfurarsa. Mai bango ya ce shi tarkacen takarda kullum da yamma yake kwashe wa mai ƙosan tsallaken titi. Tela ya tsallaka ya tambaye ta. Ta ɗago daga kaskonta ta ce, “Ayya malam, takardar shekaranjiya ai ta tafi da ƙosan shekaranjiya.”

Littafin yana nan a shagonsa har yau, yana ƙyalli, ba ƙura ko ɗaya a jikinsa, sunan tsohon kuwa ya tafi. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci, don ba mugunta ce ta yi wannan ɓarnar ba, ƙauna ce da gaggawa.

Saboda haka, 'yata, yagewar nan ki bar ta yadda kika same ta. Naɗe littafin a tsabtataccen ƙyalle, ki ɗaga shi daga inda laima take, ki mayar da gam ɗinki jaka. Hausawa ba su faɗa a banza ba: garin neman gira, aka rasa ido.