Gocewar Murya

"Jikin Inna da sauƙi, ɗiyata," in ji kawu da ya tarbe ni a tashar Filinge. Idonsa na kan jakata.

Aikina a Turai shi ne harba hasken leza kan ƙwayar zarra. Ba wanda ya taɓa ganin cibiyarta da ido. Daga ɗan gocewar da hasken ya yi muke gane siffar abin da ke ciki.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, jirage sun daina sauka Yamai, kawu ya kira ni. "Da sauƙi," ya ce, kamar kullum. Amma muryarsa ta goce kaɗan, kuma bai miƙa wa Inna wayar ba. A wajenmu ba a faɗa wa na nesa rasuwa sai ya iso gida. Na ci gaba da aiko gaisuwa, shi kuma yana amsawa a madadinta.

Da muka iso ƙofar gida, kawu ya tsaya yana neman bakin magana.

"Kin taho wa Inna da magani?"

Na buɗe masa jakar. Dabino ne da goro, na sadakar arba'in.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki jakar ya shige gaba.